Alherin Surukina Ya Raba Ni da Kwalekwalena

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa damuwata bai yi min dariya ba. Ke ma idan dariyar ta zo miki ki yi abinki, ai ba ganinki nake ba, amma idan kin gama ki ba ni amsa. Ni dattijo ne, na ba sittin baya da daɗewa, kuma matsalata a kan wasan waya ce. To, kin ji.

Direban bas ne ni, na cikin gari, har na yi ritaya. Bayan rasuwar mai ɗakina sai autata ta matsa lallai in dawo wurinsu da zama. Na ƙi, na ƙi, daga baya dai na tattaro 'yan komatsaina. Gidansu a saman bene yake, gwiwoyina kuwa sun ce ba da su ba, don haka ba kasafai nake sauka ba. Ɗakina na kusa da kicin, tagarsa tana kallon inda bas ke tsayawa. A nan nake wuni ina kallon direbobin yanzu suna taka birki kamar suna da gaba da fasinja, ina ta faɗa ni kaɗai. Idan kaɗaici ya ishe ni sai in kira Auta a waya tana tsakiyar koyarwa a aji, in tambaye ta inda aka ajiye abin canza tashar talabijin. Da abin ya ishe ta sai ta karɓi wayata ta saka min wani wasa, ta ce in riƙa yi ina ƙyale ta ta nemi abincinta.

Ba zan faɗi sunan wasan ba, ba talla na zo yi ba. Amma bari in yi miki bayani, don idan ba ki gane shi ba, ba za ki gane ciwona ba. Wata duniya ce guda a cikin waya, mutane daga ƙasashe daban-daban suna shiga ta intanet lokaci ɗaya. Kowa yana da mutuminsa da yake juyawa. Idan ka fara, a wani ƙaramin tsibiri ake jefo ka, daga kai sai yagaggiyar riga da sanda. Ka bugi ɓera ka sami maki, ka yi aiken da hakimin tsibirin ya ba ka ka sami maki, makin ya taru ka hau mataki. Hakimin ba mutum ba ne, na'ura ce ke magana da bakinsa, shi ya sa ba ya gajiya da aike. Da zarar ka kai mataki na goma, tsibirin ya sallame ka ke nan. Za a fitar da kai ta wata babbar ƙofar dutse zuwa sauran duniya, kuma ba ka ƙara komawa, sai dai ka tsaya daga waje ka leƙa.

Tsakanin ƙauyen tsibirin da inda ake manyan aike-aike akwai kogi. Kogin nan mugu ne. Akwai wata kwana da ruwa ke juyawa, ga kadoji a ƙasa, sabbin shiga kuwa ba su sani ba, sai su faɗa ciki su mutu, a mayar da su farko. Na ga mutane da yawa da suka bar wasan gaba ɗaya saboda kwanar nan. Akwai wani tsohon kwalekwale a bakin ruwan da kowa zai iya tuƙawa, amma ba a ba da maki ko ɗaya a kansa, shi ya sa ba mai kula shi. Ni ranar da na riƙe gorar tuƙin nan, wallahi sai na ji kamar an mayar min da sitiyarina. Na koyi ruwan, na gane cewa sai an rage gudu kafin kwana, a bar ruwa ya ɗauki gindin jirgi, sannan a tura. Na fara ɗaukar mutane ina tsallakar da su. Da ma sunan da na sa wa mutumina Baba Mai Fito, sunan kuwa ya bi ni.

Daga nan ban ƙara neman maki ba. Na tsaya a mataki na tara, na kafe. Ko ɓera ya cije ni ba na ramawa, sai in kauce masa, don kada tsautsayi ya sa in hau na goma a kore ni. Duk aiken da hakimi ya ba ni tun farko na yi su, amma na ƙi kai masa, na bar su jibge a jakata: wutsiyoyin kura, ganyen magani, wata fitila da ya ce ta ɓace. Ina sane na bar su. Kullum bayan na sha shayin safe sai in fito aiki, in tsaya bakin ruwa, mutane su hau. Wasu su yi godiya, wasu su sauka ko waiwaye babu, kamar dai fasinjan gaske. Wasu sukan rubuto da yaren da ban sani ba, wayar ta fassara min a karkace, mu yi ta dariya. Akwai waɗanda suka zama manya a can waje, suna hawa dodanni, amma sukan zo bakin ƙofa su ɗaga min hannu. Malama, tun da na ajiye aiki ban sake jin ina da amfani ba sai a bakin kogin nan. Na san ruwan ƙarya ne. Amma mutanen da ke hawa ba na ƙarya ba ne.

Yanzu ga inda matsalar ta shigo. Mijin Auta yaron kirki ne, ban da abin da zan ce da shi sai addu'a. Gwajin jini yake yi a wani asibiti, muna ce masa Likita, yana cewa shi ba likita ba ne, mu kuma ba mu fasa ba. Sai dai kunyarsa ta yi yawa. Tun da na tare a gidansa, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Idan na shigo falo sai ya miƙe ya tuna yana da abin yi a baranda. Ni ma ba na iya sakewa, don zama a gidan suruki ba abu ne mai sauƙi ga irina ba. Komai ta bakin Auta yake bi. Ko gishiri nake so a miƙo min a tebur, sai ya zaga ta wurinta.

Kwanakin baya aka yi min aikin yanar ido. Likitan ido, na gasken, ya hana ni kallon waya har sai ya ba da izini. Auta ta ƙwace wayar ta sa a durowar falo, don ta san halina. Ashe Likitan gidanmu ya ɗauka da niyyar yi mata caji, sai ya buɗe wasan. Ya ga na daɗe ina yi amma ina mataki na tara, ya ga jakata cike da aiken da ban kai ba. Shi a tunaninsa rashin gani ne ya hana ni, ina ta wahala ban san inda ake miƙawa ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Tausayina ya kama shi. Sai bawan Allahn nan ya kwashi wutsiyoyin kura da ganye da fitila, ya je ya zube wa hakimi gaba ɗaya. Nan take aka yi waje da Baba Mai Fito.

Bai tsaya nan ba. Mutumin da bai taɓa wasan waya ba a rayuwarsa, ya dinga kallon bidiyo yana koyo. Auta ta ce har abincin rana ya daina ci a wurin aiki, lokacin hutunsa duk a kan wayata yake ƙarewa, babban yatsansa har ya kumbura. Ya kai ni mataki na sittin da wani abu. Ya samo min sulke mai walƙiya, da takobin da ya fi ni tsawo, da wani tsuntsun hawa mai wuta a wutsiya.

Ranar da aka ba ni izinin kallon waya, Auta ta kawo min ita a kan faranti tare da shayi, tana ta murmushi. Shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje, yana murza hannu. Na buɗe. Na ga wani ƙato a tsaye a tsakiyar wani birni da ban sani ba, da sunana a kansa. Na duba jaka, wayam. Na ɗaga kai zan yi magana sai na ga fuskarsa. Malama, tun ranar ɗaurin aurensu ban ga haƙoran yaron nan ba sai ranar. Me zan ce? Na yi godiya, na sa masa albarka, na ce ban taɓa samun kyauta irin wannan ba. Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Tun daga ranar nake cikin wani hali. Ban iya tsuntsun ba, sau da yawa yana kayar da ni a kan rufin mutane. Manyan 'yan wasa suna gayyata ta yaƙi saboda sun ga sulke, in je in tsaya kamar gunki, a kashe mu duka, su zazzage ni da yare kala-kala. Abin da nake yi kawai shi ne in je bakin ƙofar dutse in tsaya ina leƙen kogina. Wani ya ɗauki kwalekwalen, ɗan gaggawa ne, ba ya rage gudu a kwana, yana ta zubar da mutane. Ina ihu daga waje ba ya ji. Wata da nake yawan tsallakarwa ta gan ni cikin sulke, ta rubuto cewa ashe ni ma na bi sahun masu son girma. Wannan maganar ta yi min ciwo fiye da aikin idon.

An ce min ana iya buɗe sabon mutum a fara daga farko, amma sunan Baba Mai Fito yana manne da wancan ƙaton, ba zan same shi ba sai na goge ƙaton gaba ɗaya. Na sha kai yatsana kan wurin gogewar, sai in tuna yatsan yaron nan da ya kumbura, in fasa. Wani ƙarin tashin hankalin kuma, yanzu shi ma ya buɗe nasa a wayarsa, wai yana so ya kamo ni mu riƙa fita yaƙi tare. Ya sa ni cikin abokansa, don haka duk abin da na taɓa zai gani. Auta ta ce yana can tsibirin ya maƙale, kogin ya hana shi wucewa, kullum sai ya nutse, don lokacin da ya yi min nawa bai bi ta ruwa ba, ƙofa ce ta jefo shi waje. Shekaranjiya ina leƙe na hango wani mai yagaggiyar riga ya faɗa kwanar, ya dawo, ya sake faɗawa. Na duba sunan, shi ne. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

To Malama, ya zan yi? In goge, in karya zuciyar yaron da ya ba ni ɗaki a gidansa bai taɓa ɗaure min fuska ba? Ko in haƙura in zauna cikin sulken da ba nawa ba, in rasa abu ɗaya da ke tashe ni da safe da murna? Auta ba ta sani ba, na kasa faɗa mata, don na san za ta shiga tsakiya ta rasa ɓangaren da za ta bi. Ki yi haƙuri na cika ki da surutu, halin direba ne.

Naki,
Tsohon direba mai leƙe ta ƙofa

*

Baba, na karanta wasiƙarka har ƙarshe. Na yi dariya a wurin tsuntsun, ba zan ɓoye maka ba, amma ban yi dariyar damuwarka ba. Abin da ka rasa ba ƙarami ba ne. Ka rasa wurin da ake jiranka kowace safiya, kuma duk wanda ya taɓa ajiye aiki ya san zafin hakan. Kada ka bari kowa ya ce maka wasa ne kawai, kai ma kada ka faɗa wa kanka haka.

Surukinka ya yi kuskure. Ya taɓa abin da ba nasa ba bai tambaya ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da kwalekwale. Amma Baba, ka ba ni dama in faɗa maka naka, cikin girmamawa. Mutanen wasu ƙasashe sun san kai ne Baba Mai Fito, sun san dalilin da ya sa ba ka bugun ɓera, amma waɗanda kuke cin abinci a tebur ɗaya ba su sani ba. Da ka taɓa ba su labarin kogin nan ko sau ɗaya, da ya ga jakar ya gane ajiya ce. Ya ga dattijo shiru da waya a hannu, sai ya cike gurbin da tunaninsa. Shirun da ke tsakaninku ne ya kai wa hakimi kayan nan, kuma shirun na ku biyu ne.

Shawarata ta farko, kada ka goge. Wannan ƙaton mai sulke shi ne magana mafi tsawo da yaron nan ya taɓa yi maka. Ba ya iya zama kusa da kai ya yi hira, sai ya yi ta da yatsansa da abincin ranarsa. Ka bar shi a matsayin kyauta, ka ajiye shi a bakin ƙofar dutse. Yana ma da aiki a can: waɗanda suka fito daga tsibiri suna buƙatar wanda zai tarbe su ya nuna musu hanya.

Ta biyu, ka buɗe sabon mutum. Na tambayi wata abokiyar aikina da ke irin waɗannan wasanni, ta ce yawanci ana barin mutum ya riƙe fiye da ɗaya, wasu ma suna da wurin da ake dannawa a dakatar da shigar maki. Ka sa a duba maka ko naka yana da shi, ka huta da gudun ɓera. Batun suna kuwa, kada ya hana ka barci. Fasinjojinka za su gane ka tun a kwanar farko, don ba kowa ke rage gudu ba. Ita ma wadda ta zarge ka da son girma, ka rubuta mata abin da ya faru a taƙaice, za ta fahimta.

Ta uku ita ce babba. Ka faɗa wa surukinka gaskiya, da bakinka, ba ta bakin Auta ba. Ka yi daidai da ba ka sa ta a tsakiya ba, ta daɗe tana dakon magana tsakaninku, ta cancanci hutu. Na san za ka ce da wane ido za ka kalle shi. Ba sai ka kalle shi ba. Kai direba ne, ka yi shekara da shekaru kana hira da na gefenka idonka na kan titi. Ka kira shi ranar da ba ya aiki, ka ce ya zo da wayarsa, ku zauna kan kujera ɗaya kowa na kallon tasa. Ka fara da godiya, don ta gaske ce. Sannan ka ba shi labarin kogin, da kwanar, da dalilin ajiye wutsiyoyin kura. Kada ka ce ya ɓata maka abu, labarin kawai za ka bayar, yaro ne mai hankali, zai gane da kansa. Zai ji kunya, wataƙila ya miƙe zai gudu baranda. Ka riƙe shi da aiki: ka ce shi zai zaɓa wa sabon mutuminka suna.

Ka lura da wani abu da ka rubuta a matsayin ƙarin tashin hankali. Ni a wurina shi ne labari mafi daɗi a wasiƙarka. Yaron nan ya gama yi maka kyauta, ya karɓi albarka, da ya so da ya tsaya nan. Sai ya koma ya fara daga yagaggiyar riga don ya kamo ka. Ba yaƙi ne ya dame shi ba, Baba, wurin zama kusa da kai yake nema, kuma ya ɗauka sai ya hau mataki sittin zai samu. Kai kana bakin ƙofa kana kukan an raba ka da fasinjoji, alhali ga fasinja a cikin gidanka yana nutsewa kullum a kwanar da ba wanda ya san ta kamarka.

Ka kula da idon, ka bi abin da likitan ido ya ce game da yawan kallon waya, ka kuma riƙa miƙe gwiwoyin nan ko a cikin falo ne. Sannan ka koma bakin ruwa ka karɓi gorarka a hannun ɗan gaggawan nan, ko ka koya masa kwana idan yana da kunnen ji. Tafiyar farko kada ka ɗauki kowa sai surukinka. Ka tuƙa a hankali, ba sauri kuke yi ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci gidan da ke riƙe da kai, ya tsallakar da ku lafiya kai da Likita.